Layin Osvaldo

Takardar ta shigo ran Talata ta ƙarƙashin ƙofa,
da danshin teku a jikinta.
Na sa tabarau, na zauna gefen keken ɗinki.
Peso dubu arba'in da bakwai!
Ni da ban taɓa wuce dubu tara ba,
ko a watan da Marisol ta haihu.

Na bi ta da yatsa, sahu-sahu,
kamar mai neman inda zare ya tsinke.
"Duban taurari na kullum."
"Sakamakon ƙwallo da zafinsa."
"Ƙungiyar masu sa'a," sau huɗu a mako.
Duk a lambar Osvaldo.

Osvaldo, da ya shekara biyu a maƙabartar Playa Ancha,
yana fuskantar ruwa, yadda ya roƙa.
Me taurari za su gaya masa
wanda bai riga su sani ba?

Na kira. Aka ce danna ɗaya, danna uku,
aka bar ni da kiɗa.
Shayina ya huce, na ɗumama, ya sake hucewa.
Can wata yarinya ta ɗauka, baki kamar zuma:
"Ba mu ba ne, Uwa, wani kamfani ne daban.
Mu karɓa kawai muke yi, mu miƙa."
Na ce, "'Yata, abokin ɓarawo fa?"
Ta ce, "An amince daga wannan lambar,
ran sha huɗu ga Maris."
Na ce, "Da wane yatsa?"
Kiɗan ya dawo.

Laraba na ɗaura ɗankwalin zuwa coci,
na shiga tsohon akwatin katakon nan
mai gangarowa daga Cerro Barón a kan dogo,
yana kuka kamar gwiwoyina.
A jaka: takardun wata shida,
shaidar mutuwa mai hatimi,
da burodi, don na san zaman ba na yanzu ba ne.

Lamba sittin da uku.
Yaron da ke bayan gilashi, Fabián Quezada,
bai kai jikana gemu ba.
Ya duba, ya sake dubawa, ya sosa ƙeya.
"Mafi sauƙi, Uwa, mu rufe layin. Shi ke nan."

Na ce a'a.
Ya ce me ya sa.
Na ce, "Kira shi."

Ya kira. Ta yi ƙara sau biyar.
Sai tari, sai:
"Osvaldo ne. Ina bakin jirgi. Bar saƙo, kar ka ja."
A bayansa, nesa, wata mata na ƙwala kira
wai miya za ta huce.
Ni ce.

Daƙiƙa goma sha ɗaya.
Dubu huɗu nake biya duk wata saboda su,
da sanina, ido buɗe, daga kuɗin kalmasa da sa maɓalli.
Wannan ciniki ne tsakanina da ku, na yarda.
Amma taurari, ban saya ba.
Ƙwallo, ban saya ba,
shi ma da ransa a rediyon maƙwabci yake ji.
Sa'a kuwa, da ana sayenta, da ba nan za ka gan ni ba.

Yaron ya ajiye wayar a hankali
kamar ƙwai.
Ya toshe ƙofar da suke shigowa,
ya rubuta mini lambar ƙorafi a bayan rasit,
har da sunansa, ban tambaya ba.

Dubu talatin da ɗaya suka dawo bayan mako uku.
Saura bakwai "ana bincike."
To, su bincika.
Mai ɗinki ba ta barin bakin zare a waje.
Litinin ina nan tafe, da burodina.

Daren jiya jiragen ruwa sun kunna fitilu,
na kira shi.
Bayan tarin, bayan miyar,
na ce, "Tsoho, ashe caca kake yi a can?"
Ban ja ba.